Inci uku da suka kusa kifar da a-kori-kura: yadda aka sauke wata Hilux a ƙofar gida a Zariya

Motar da ake magana a kanta Toyota Hilux ce mai ƙofa biyu, cikin ƙirar da kamfanin ya yi daga 1988 zuwa 1997, injin fetur, kuma da tayoyin baya kaɗai take ja. Mai ita ɗan ƙanwata ne, saurayi mazaunin Tudun Wada, sana'arsa rarraba ruwan leda. Da sassafe yake lodi a masana'anta, ya bi shaguna daga Tudun Wada zuwa Gyallesu da Tudun Jukun, ya tsallaka Sabon Gari, ranar da kasuwa ta yi kyau har Samaru yake kaiwa. Kowace jaka leda 20 ce, kowace leda rabin lita, wato kilo 10 ke nan a jaka. Lodinsa na yau da kullum jaka 70 zuwa 80 ne, abin da ya kama kilo 700 zuwa 800, ban da nauyinsa da na yaronsa. A riƙe wannan lissafi, don a kansa maganar za ta tsaya daga baya.

A ƙarshen rani ya ƙudura zai sauke motar ta matso ƙasa. Dalilin da ya kawo wa mahaifiyarsa shi ne sauƙin lodi, cewa in bayan motar ya yi ƙasa bayansa da na yaronsa za su huta. Akwai gaskiya a ciki, amma 'yar kaɗan ce, inci biyu ko uku ba sa canza wa mai ɗaga jaka rayuwa. Da na matsa masa sai ya ce, "Kawu, gaskiya sha'awa ce. Na ga yadda samarin Tailan da na Amurka suke yi wa nasu a TikTok." Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya tashi tun asuba yana neman halaliyarsa yana da ikon ya so motarsa ta yi kyau a ido. Abin da waɗancan hotuna ba sa nunawa shi ne irin titin da motocin ke bi, da kuɗin da aka zuba a ƙarƙashinsu, da kuma cewa mafi yawansu ba sa ɗaukar komai a baya.

Akwai wani abu kuma da ya shafi garinmu. Mu ɗaga mota muka sani. Tun zamanin a-kori-kurar Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, aikin masu sifirin a Sabon Gari shi ne ƙara falle, a sake lanƙwasa wanda ya kwanta, mota ta ɗauki masara daga Giwa ko tumatir daga fadamar Galma ba tare da ta zauna a kan tayoyinta ba. A wannan fanni gwanaye ne, babu mai koya musu. Saukewa kuwa baƙon aiki ne, kaɗan ne suka taɓa bin sawun abin da yake jawowa. Saboda haka yaron bai sami wanda zai ce masa "tsaya" ba, shi ma kuma bai nema ba, don ya ga aikin ba ya cin kuɗi.

Yadda motar take tsaye tun daga kamfani

Gaban wannan Hilux ba shi da sifirin mai naɗi. Kowace tayar gaba hannu biyu ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, nauyin kuma yana kan wata doguwar sandar ƙarfe da makanikai ke kira toshan ba. Kai ɗaya na sandar yana haɗe da hannun ƙasa, ɗayan ya miƙe baya ya shiga wani guntun hannu da aka ɗaure da casis, wato ƙashin ƙarfen da bodi ke zaune a kai, da dogon bol. In taya ta hau tudu sandar sai ta murɗe, kamar yadda ake murɗa wanki a matse shi, sannan ta warware ta mayar da tayar inda take. Wancan dogon bol shi ke riƙe da tsayin gaban mota. A ƙara ɗaure shi gaba ya ɗaga, a sassauta shi gaba ya sauka, ba a sayen ko kusa. Sai dai sassauta shi ba ya sa sandar ta yi laushi, kamar yadda wasu ke zato. Taurinta na nan yadda yake. Abin da ke raguwa shi ne filin da hannun ƙasa yake da shi kafin ya bugi robar da aka sa ta tare shi. Duk incin da aka sauke, daga wannan fili aka cire shi.

A baya kuwa sifirin mai falle-falle ne. A Hilux mai ja da baya kaɗai, aksil, wato ƙarfen da ya ratsa ya haɗa tayoyin baya biyu, a saman sifirin yake zaune, an ɗaure su tare da ƙarafa masu lanƙwasa irin harafin U, wato yubol. In aka cusa dunƙulen ƙarfe, wato bulok, tsakanin aksil da sifirin, aksil zai ƙara matsawa kusa da casis, bodi ya sauka daidai kaurin dunƙulen. A Hilux mai ja da taya huɗu abin a juye yake, sifirin ne a saman aksil, don haka irin wannan bulok ɗin ɗaga ta zai yi. Wanda zai taɓa motarsa ya fara leƙawa ya ga wanne ne a saman wanne.

Abin da suka yi

Wata Lahadi ce, shi da abokansa biyu, a ƙofar gida. Jak ɗaya gare su, sai suka tokare casis da bulo na siminti suka shiga ƙarƙashi. A duk labarin nan babu inda ya fi tayar mini da hankali kamar wannan. Bulo ba ya lanƙwasa ya ba mutum lokacin fita, fashewa yake yi gaba ɗaya, kuma wanda ke kwance a ƙasa ƙirjinsa ne zai karɓi motar. In babu matokarin ƙarfe na gareji, a nemi katako mai kauri a jera shi a kwance, a sa duwatsu a tare tayoyin da suke ƙasa, a kuma tura tayar da aka cire a ƙarƙashin casis. Allah ya rufa asiri, ranar ba abin da ya faru.

A gaba sun sassauta bol ɗin ne da ido. Ba su auna tsayin motar ba kafin su fara, ba su ƙirga juyin sifana ba, ɗaya yana kwancewa ɗaya yana tsaye daga nesa yana cewa a ƙara. Da aka auna daga baya, gaban ya sauka fiye da inci uku, kuma ɓangaren direba ya fi ɗayan ƙasa da kusan rabin inci.

A baya wani mai walda ne ya yanko musu guntayen ƙarfe huɗu, kowane inci ɗaya da rabi, suka ɗora biyu-biyu a kowane gefe ya zama inci uku. Bulok na ƙwarai yana da rami a ƙasa inda kan santabol, wato bol ɗin tsakiya da ke haɗe falle-fallen sifirin, zai shiga, yana kuma da ɗan tsini a sama da zai shiga ramin da ke jikin mazaunin aksil. Wannan tsinin shi ke hana aksil zamewa gaba ko baya. Nasu rami kawai aka huda a ƙasa, sama babu komai, ga shi kuma guda biyu ne a kan juna, kowanne na iya zamewa a kan ɗan'uwansa. Tsofaffin yubol ba su kai tsawo ba, sai aka yanka su aka yi musu ƙari da rodi aka walda. Ƙarfen da aikinsa ke nan ya riƙe aksil da mota, an mayar da ƙarfinsa ya dogara da ɗigon walda.

Abu ɗaya ya yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa. Ɗaya daga cikin abokan ya ce a kai wa mai waldar gas ya gasa sifirin ɗin har ya kwanta, ba sai an sa bulok ba. Ya ƙi. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne an sanyaya shi bisa ƙa'ida a masana'anta, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Wutar gas tana kashe wannan a daidai inda ta taɓa, wurin ya yi laushi ya ci gaba da kwanciya, wata rana ya karye da lodi a kai. Wanda aka gasa ba ya gyaruwa, sai dai a sayi wani.

Alaimen kuwa, wato saita tayoyin gaba su tsaya daidai, ba a yi ba. Ya ce sai wata ya ƙare.

Makonnin farko

Motar ta yi kyau, wannan ba a musu. Amma tun ranar Litinin ta fara magana. Titunan cikin gari cike suke da tudun rage gudu, a gaban makarantu da masallatai da kasuwanni, wasu hukuma ta yi, wasu mutanen unguwa suka gina da kansu ba awo. Kowanne ya hau sai gaban ya buga, don hannun ƙasa ya riga ya kusa zama a kan robar tun motar na tsaye. Salansa ta fara karce ƙasa. In ya yi cikakken lodi aksil ɗin baya zama yake yi daram a kan robarsa, sifirin ba shi da sauran aiki, duk wani rami da taya ta faɗa kai tsaye yake isa bodi. Ledojin da ke ƙasan lodi suka riƙa fashewa fiye da da, kuma asarar a wuyansa take, masana'anta ba ta karɓar wadda ta fashe a hanya.

Sai wata rawa da ta ɓullo in ya miƙe hanyar Samaru ya ɗan ba ta wuta, ana jin ta a ƙasan kujera. Wannan furofela ce, wato doguwar sandar da ke kai juyin inji daga giya zuwa aksil ɗin baya. Gaɓoɓin da ke kan furofela suna son kusurwar da ke wajen giya da wadda ke wajen aksil su yi kusan daidai da juna, kowace tana shafe rawar ɗaya. In aka ɗaga aksil sama inci uku lissafin ya karkace, balle a kan bulok ɗin da aka yanka da hannu, wanda fuskarsa ba ta miƙe ba.

Tayoyin gaba su ne suka ci kuɗi a ɓoye. In irin wannan gaban ya sauka, saman tayoyin na karkata ciki, saitin kallon da suke yi wa juna shi ma yana canzawa. Sai gefen ciki ya riƙa cinyewa, wanda yake tsaye a waje kuma taya lafiyayya yake gani. Mai faci ne ya gano, ranar da ƙusa ta shiga ɗaya, ya ciro ta ya nuna masa ciki ya yi sumul.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce da rashin jin daɗi. Na gaba shi ne wanda ya sa na zauna rubuta wannan.

Birki

Ruwan farko ya sauka, irin wanda ke haɗuwa da ƙura da baƙin mai ya mayar da kwalta santsi. Yana dawowa daga Samaru ba kaya, ya kusa Kwangila, wani mai babur ya yanko masa hanya. Ya taka birki, ba ma wani gudu yake ba. Gaban motar ya tsaya a hanya, bayan kuwa ya zame ya zagayo, ta tsaya a gicciye tana kallon kwata. Da akwai tirela a bayansa, ko yara a bakin titi, da wani labarin ake yi yanzu. Allah ya kiyaye.

Shi ya ɗora laifin a kan ruwa. Da abin ya sake faruwa a hankali a wani lungu mai yashi, ya kai wa wani bakanike, aka canza masa takalmin birkin baya aka cika mai. Bai sauya komai ba, in ma ba ƙaruwa ya yi ba, don sabon takalmi ya fi kamawa. A nan ne ya kira ni, muka tafi wurin wani dattijon bakanike a Sabon Gari wanda ya tsufa a kan Hilux da Hiace.

Dattijon bai buɗe birki ba. Ya sa aka kai motar wani fili na burji, ya ce yaron ya taho a hankali ba kaya ya take birki da ƙarfi, shi kuma ya tsuguna a gefe yana kallon tayoyi. Na baya suka daskare suka ja layi biyu a ƙasa alhali na gaba suna juyawa. Ya miƙe ya ce, "Ɗana, zo ka ga abin da ka taɓa ba ka sani ba." Ya haska masa wani ɗan bawul da ke manne da casis a saman aksil, bututun man birki na shiga cikinsa, wata siririyar sanda kuma ta fito daga jikinsa ta je ta kama aksil.

Aikin bawul ɗin shi ne auna lodi. A-kori-kura mota ce mai hali biyu. In ba kaya bayanta ba nauyi, in an taka birki ma nauyin gaba yake komawa, don haka birki kaɗan tayoyin baya za su iya ɗauka kafin su daskare. In kuwa da kilo 800 a kanta, tayoyin baya sun danne ƙasa sosai, suna bukatar birki mai ƙarfi. Motar ba ta da sikeli, da tazarar da ke tsakanin casis da aksil take gane nauyi. Lodi ya danne bodi ya matso kusa da aksil, sandar ta tura bawul, ya buɗe wa man birki hanya zuwa baya. An sauke kaya, bodi ya ɗaga, bawul ya rage. To bulok ɗin da suka sa ya matso da aksil kusa da casis inci uku, dare da rana. A wurin bawul ɗin, motar kullum a cike take maƙil. Yana aika cikakken birki zuwa tayoyin da babu abin da ya danne su.

Tayar da ta daskare tana ja ba ta da sauran riƙon gefe. In na gaba ne suka daskare mota miƙewa take yi gaba, abin tsoro ne amma tana nan a saiti. In na baya ne, babu abin da ke riƙe da gindin motar a hanya, kowace 'yar karkata sai ta zama juyi. Shi ya sa masu ƙera mota suke tsara birki yadda baya ba zai riga gaba daskarewa ba, kuma a mota irin wannan, wadda ba ta da na'urar hana daskarewa ta zamani, wannan ɗan bawul shi kaɗai ke tsaron abin.

Na tambayi dattijon, "Malam, ai na ga ana cire shi a haɗa bututun kai tsaye." Ya ce ana yi, kuma shi ba ya yi. Wanda ya cire shi ya mayar da motarsa daidai halin da ta yaron nan take ciki, cikakken birki a baya ko da kaya ko babu. Masu yin haka ba sa ganin illarsa da wuri saboda yawancin lokaci motocinsu a lode suke, sai ranar da suka dawo fanko aka yi ruwa.

Nawa za a iya saukewa

A nan ne dattijon ya yi abin da ya kamata a fara da shi tun ranar farko. Ya sa aka cire ƙarafan nan duka, aka ɗaura aksil a kan sifirin yadda yake a da, sannan ya ce a je a yo lodi na gaske, jaka 80, a dawo masa da ita. Ya shiga ƙasa da tef ya auna tsakanin aksil da robar da ke jikin casis. Inci uku ne da ɗan ɗori. Wannan shi ne duk filin da motar take da shi na shanye rami da tudu in tana cike, kuma shi ne suka cinye da bulok ɗinsu. Aka sauke jaka 20 aka sake aunawa, filin ya ƙaru da kusan inci ɗaya.

Daga nan lissafi ya fito fili. Bulok na inci biyu da jaka 80 zai bar inci ɗaya da ɗan abu, wanda bai isa hanyoyinmu ba. Inci biyu da jaka 60 zai bar kusan biyu, ana iya zama da shi in direba na da hankali. Dattijon ya so a tsaya a inci ɗaya da rabi. Yaron ya ce, "Baba, a yi haƙuri a bar mini biyu, zan rage kaya." Dattijon ya ce, "Araha ba ta ado, ɗana. Ka sani kowace rana za ka riƙa biyan kuɗin adon nan." A kan biyu aka tsaya, bisa sharaɗin jaka 60.

Ni a ra'ayina inci ɗaya da rabi ya fi, kuma da motar tawa ce da ita nake ci da iyali, da ban taɓa ta ba sam. Rage jaka 20 daga 80 rage kashi ɗaya cikin huɗu ne na kowane sawu. Abin da yake kaiwa a sawu uku yanzu sai huɗu, ga fetur yadda ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Amma motarsa ce, kuma yanzu da idonsa a buɗe ya zaɓa, ya san abin da yake saye da abin da yake biya. Wannan ya bambanta da ranar Lahadin can.

Aikin na biyu

Shi ma a ƙofar gida aka yi mafi yawansa, don a nuna cewa yin aiki a gida ba shi ne matsalar ba. An aro matokaran ƙarfe daga gareji. An kai awo wurin masu injin sassaƙa ƙarfe suka fitar da bulok guda ɗaya tak a kowane gefe, inci biyu, faɗinsa daidai faɗin sifirin, fuskokinsa a miƙe, da raminsa a ƙasa da tsininsa a sama. Yubol sababbi aka saya masu tsawon da ya dace, huɗu. Irin wannan kaya in ba a samu a Sabon Gari ba akwai Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, amma yubol dai kada a sayi na hannu, don wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, zarensa ya gaji. An ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan, har suka kai, aka kuma sake bin su da sifana bayan motar ta yi 'yan kwanaki tana aiki, saboda sabon ɗauri yana zama ya saki.

Akwai wani awo da dattijon ya dage a kai. Bulok yana sauko da sifirin da farantin da ke ƙarƙashinsa kusa da ƙasa. In taya ta fashe mota za ta zauna a kan rim, to dole ne babu wani ƙarfe da ya fi bakin rim ƙasa, in ba haka ba ƙarshen yubol ne zai caki kwalta a guje. A kan rim mai inci 14 irin na wannan mota filin ba shi da yawa. Aka ja zare daga bakin rim na hagu zuwa na dama, aka yanke sauran zaren yubol da ya leƙo, aka tabbatar komai na sama da zaren.

A gaba an ɗaga motar tukuna har nauyi ya bar sandar, aka wanke zaren bol aka sa masa mai, sannan aka fara juyawa. Tsohon mazaunin noti a bayyane yake, tsatsa ta yi masa iyaka a jikin zaren, daga nan aka gane asalin tsayin. Ana juyawa ana ƙirgawa, a sauke motar, a zagaya da ita unguwa ta zauna, a dawo wuri mai shafe a auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi, hagu da dama, iska daidai a kowace taya. An tsaya a ƙasa da inci biyu kaɗan, gefe biyu daidai, yadda gaba zai ɗan fi baya ƙasa in ba kaya, ya daidaita in an yi lodi. Robar tarewa ba a yanke ta ba. Wasu na cire ta don a daina jin bugu, sai bugun ya koma cikin shakazoba da boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa hannun da taya, waɗanda ba a yi su don haka ba.

Sannan bawul. An sauko da inda sandarsa ke kama aksil daidai inci biyun da bulok ya ɗaga, yadda in mota ba kaya bawul zai ga ba kaya. Aka koma filin burjin nan, aka gwada fanko, aka gwada da lodi. Tayoyin baya sun daina riga na gaba. Cikakken saiti da agogon auna ƙarfin man birki ake yin sa bisa littafin motar, kuma wanda ya sami garejin da ke da shi ya je can, amma gwajin fili shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi kafin a hau titi.

Rawar furofela ta tafi da kanta da bulok ya ragu ya kuma miƙe. Da ba ta tafi ba, da an sa siririn ƙarfe mai gangare tsakanin bulok da aksil a gyara kusurwar. Daga nan aka wuce wurin alaimen a ranar, aka sa tayoyi biyu a gaba, aka sake saita fitilu da daddare a jikin bango, don motar da tsayinta ya canza haskenta ma ya canza.

Da aka tara kuɗin, bulok da yubol da alaimen a haɗe ba su kai kuɗin tayoyin nan biyu ba. Wato da tun farko ya yi aikin yadda ya kamata, da abin da zai kashe bai kai rabin abin da ya kashe a ƙarshe ba, ban da takalmin birkin da aka canza a banza da ledojin da suka fashe.

In motarka ba irin wannan ba ce

Sauƙin da aka samu a nan na wannan ƙirar ne. Hilux daga 2005 zuwa yau sifirin mai naɗi gare ta a gaba, babu bol ɗin da za a sassauta. Tsofaffin jif irin su 4Runner da Pathfinder na farkon shekarun 1990 suna da toshan ba a gaba, amma bayansu naɗi ne, bulok ba shi da wurin zama. A irin waɗannan mutane sukan yanke naɗi ɗaya ko biyu. Yankan yana sauke mota, yana kuma ƙara wa sifirin tauri, kuma in ya gajarce da yawa yana iya ficewa daga mazauninsa lokacin da taya ta rataya a rami. Naɗin da ke matse kuwa in ya kuɓuce wa mai kwance shi yana karya ƙashi. Hanyar ƙwarai ita ce sayen gajeren sifirin da aka ƙera don motar tare da shakazobar da ta dace da shi, kuma daga nan an bar maganar araha. Jif dai don tsayinsa ake sayensa, wanda ya san lungunan Zariya a watan Agusta ya san amfanin wannan tsayin.

Hilux ɗin na nan tana aiki. Ya ja layin fenti a cikin bodi daidai inda jaka 60 ke tsayawa, saboda yaronsa da masu lodi. Damuwata ita ce lokacin zafi, Maris da Afrilu, sa'ad da kowane shago ke kiran waya a kawo ruwa, kuma layin fenti ba ya hana hannu ɗora jaka. Shi ma ya san haka, shi ya sa yake tara kuɗin ƙara falle ɗaya a kowane gefe. Ƙarin fallen zai ɗan ɗaga bayan, zai kuma canza yadda bodi ke sauka a ƙarƙashin nauyi, saboda haka sai an sake saita bawul da fitilu. Dattijon ya ce ranar da zai kawo ta, ya zo da ita da kayanta a kai.